Wai "be rest assured" kuskure ne?

Ɗan Kwari:
Salam jama'a. Dan Allah masu turanci ku raba mana gardama. Akwai wata kwastomata a Legas da nake tura wa atamfa da shadda daga Kantin Kwari, jiya ta ishe ni da kira wai kaya ba su iso ba, sai na rubuta mata a WhatsApp "be rest assured your goods are safe", ƙanwata da ke BUK ta leƙo wayar ta kama dariya wai na kwafsa. Ni kuma wlh haka nake ji a bakin manya har a rediyo. Ina kwafsin yake?

Malamin Gwale:
Wa alaikumus salam. Alhaji ƙanwarka ce da gaskiya. "Rest assured" ake cewa, babu "be". Abin da ke rikita mutane, sun ɗauka "rest" ɗin nan siffa ce, alhali aikatau ne, ma'anarsa zauna, wato zauna da tabbacinka, kwantar da hankali. In ka liƙa masa "be" ka jera aikatau biyu kenan, kamar ka ce wa baƙo "be sit down". Ko dai "rest assured", ko "be assured", ko "you can rest assured that...", duk sun yi. Amma ka gwamutsa su a WAEC jan biro za ka sha.

Maman Biyu:
Hmm Malam ni fa har a takardar ofis na gan shi da hatimi da sa hannu. Kuma ai matar ta gane abin da yake nufi, meye na wahalar da kai

Malamin Gwale:
Ta gane Hajiya, shi ya sa ma ya bi gari. Amma ranar da ɗanki zai rubuta takardar neman aiki ba ki san hannun wa za ta faɗa ba. Ni wanda ya fi ci min rai ma "save journey" da ake sa wa a status, "safe" ne, "save" ajiyewa ne ko ceto. Mu da ba mu da v a Hausa duk kunnenmu ɗaya yake jin su.

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Kaya dai sun sauka da asuba, ashe motar ce ta lalace a Jebba. Na koma in cire "be" ɗin kafin yarinyar nan ta kai labari gida, ashe WhatsApp minti 15 kawai yake bayarwa a gyara saƙo.