Jakunkunan nan biyu na gefen keke, me za mu kira su da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan rubutu ne kan shirin doguwar tafiya da keke, irin wadda ake yi a hanyoyin da aka ware ma masu keke da masu tafiya ƙasa, ba mota ba babur, sai kalma ɗaya ta Turanci ta tsaya mani a wuya, wai pannier. Jakunkunan nan biyu ne da ake rataya ma kariyar keke, ɗaya dama ɗaya hagu, su sauko gefen tayar baya. Shi ne na tambayi jama'a me za mu kira su da Hausa.

Kar a ce ƙaramin abu ne fa. A Amurka akwai hanyar Great Allegheny Passage, mil 150 daga Pittsburgh zuwa Cumberland, yawancinta tsohon layin dogo ne aka ɗebe ƙarafunan aka zuba tsakuwa aka daɓe, an gama ta a 2013, a Cumberland kuma ta haɗe da wata mai mil 184 da rabi da ke bin gefen tsohuwar hanyar ruwa har Washington. Duka wajen kilomita 540, kaman ka tashi daga Katsina ka je Daura ka dawo sau uku har da ɗoriya. Mutum zai yi kwanaki bisa sirdi, to kayan sawarshi da tanti da abinci da famfo da faci da gam da sifana da tif na ko-ta-kwana duk a jakunkunan nan suke.

Amsar farko da ta shigo ita ce jakar keke. Ba laifi amma ta yi faɗi, akwai wadda ake ɗaurawa a kan keke ta gaba akwai 'yar ƙarama ta ƙarƙashin sirdi, wace ke nan?

Wani malami ya ce kwandon keke, kuma yana da hujja don asalin kalmar daga Faransanci take, can baya a Latin kwandon burodi take nufi. Allah ya ƙara sani malam, sai dai ka ce kwandon keke a Ƙofar Ƙaura kowa na gaban keken 'yan makaranta zai hango. Masu cewa a hausantar da ita kawai a ce faniya yadda aka yi ma birki da kariya, ni ba na faɗa da aro wlh, amma sai in an duba ɗaki an ga babu.

Can sai wani dattijo daga Daura ya rubuto layi ɗaya: "Ɗana ai mangala ce wannan."

Toh Baba ka gama magana. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga mai jaki na lodin yashi ko taki ya san abin, a shimfiɗa akumari a aza mangala aljihu ɗaya nan ɗaya can, sai ya zuba shebur ɗaya a dama ya zagaya ya zuba ɗaya a hagu, don in ya cika gefe guda nan take za ta zame ta juye ƙarƙashin cikin jakin. Dokar lodin keke ke nan ba ƙari. Gefe ɗaya ya fi nauyi keken ya dinga janka can kana kokawa da shi wuni guda, kafaɗa ta riƙe. Masu nauyi irin su ƙarafan gyara da gwangwanayen abinci a ƙasa kusa da taya, rigar ruwa a sama inda hannu zai kai da sauri, a ɗan ja jakar baya kar dunduniya ta riƙa bugunta in kana taka feda, kuma kafin ranar tafiya ka yi lodin gaba ɗaya ka zaga gari da shi ka ji yadda birki ke kamawa. Ka ce ma Bahaushe mangala, rabin bayanin nan ya riga ya gane.

Wani ƙanena ya ce haba Yaya, jakar Ortlieb ta Jamus da ruwa ba ya shiga, biyun na cin lita 40, ita za a kira da sunan abin kwasar taki? Ƙanena sirdin da kake zama a kai na doki ne, har makami muka ce mai linzami ba wanda ya ji kunya. Su kansu Turawan jakuna da dawaki suka fara rataya ma pannier kafin a ƙera keke.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi na wata Hajiya ne, ta ce mangala a haɗe take, waɗannan kuwa kowace da ƙugiyarta ana cire ɗaya a shiga masauki da ita. Gaskiyarki Hajiya, duk da akwai masu haɗen da ake yafa ma kariya. To mu ce mangalar keke in ana nufin biyun, ɗaya kuma ɓarin mangala, na dama ko na hagu. Wadda ake sa wa a tayar gaba mangalar gaba. Jam'i mangaloli. Haka zan sa a rubutun.

Saura ita hanyar kanta. An ce mani burtali, ni dai bai kwanta mani ba tukun don burtali na shanu ne, wanda ke da wata ya ajiye a ƙasa dan Allah.