Crisis line ɗin nan, me za mu kira shi da Hausa?

Mai zare: Salamu alaikum jama'a, ina neman gudunmawar masu Hausa a baki. A Amurka akwai lamba 988 da mutum ke kira idan duniya ta yi masa zafi har ya fara tunanin kashe kansa, ko ya ga wani nasa a wannan halin, kuma jihohinsu na ta yin dokokin faɗaɗa aikin. Halin da mutum ke shiga suna ce masa crisis, layin kuma crisis line. Na ga an fassara shi "layin rikici", na kuma ga "layin hana kisan kai", kuma duk biyun in ka karanta wa Bahaushe a rediyo wani abu daban zai ji. Rikici a wurinmu ai an ba hammata iska kenan, an ƙona tayoyi, gwamna ya sa dokar hana fita. Kisan kai kuwa wani ne ya kashe wani. To me za mu ce?

Bari in faɗi yadda abun ke aiki tukun, kar mu raɗa wa jariri suna ba mu gan shi ba. Majalisarsu ta yi dokar a 2020, layin ya fara aiki ranar 16 ga Yuli 2022, kafin nan wata doguwar lamba ce da ake amfani da ita tun 2005 wadda ba mai iya tuna ta lokacin da hankalinsa ya tashi. Za ka iya kira, za ka iya tura tes, dare da rana kuma kyauta, sai a haɗa ka da ɗaya daga cikin cibiyoyi sama da 200, kuma wanda zai ɗauka ba ɗan sanda ba ne, mutum ne da aka koya wa sauraro da kwantar da hankali, shi ya sa yawancin kiran a wayar yake ƙarewa ba a tura kowa ba. Tsarin ƙafa uku gare shi: wanda za ka kira, waɗanda za su zo inda kake in abun ya fi ƙarfin waya, da wurin da za a kai ka ka kwana ka natsu wanda ba sel ba ne. Dokokin jihohin yawanci kan kuɗi ne, don dokar tarayya ta ba su damar ɗora ɗan haraji a bil ɗin waya, irin su Kalifoniya da Kolorado sun ɗora, da yawa kuma ba su yi ba. Kanada ma ta ɗauki 988 ɗin a Nuwamba 2023.

Malamin Hausa mai ritaya: Wa'alaikumus salam ɗana. Da farko a cire ƙunar baƙin wake daga maganar gaba ɗaya, don na sha ganin yara sun sa ta duk inda suka ga suicide. Ƙunar baƙin wake ta wanda zai mutu ya tafi da wasu ce, kuma tun zamanin bama-bamai kunnen mutane wuri ɗaya yake zuwa in an ambace ta. Shi kuma halin, muna da ɗimuwa, muna da halin ƙaƙa-ni-ka-yi, muna da ha'ula'i. Ni ɗimuwa na zaɓa, gajeriya ce.

Mai zare: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗimuwa ta zauna a kan wanda ya rikice bai san inda yake ba, amma fa akwai wanda zai yi sallar isha'i da mutane, ya ci tuwo, ya yi wa kowa sai da safe lafiya lau alhali ya riga ya yanke shawara a ransa. Wannan ba a ɗimauce yake ba ko kaɗan. Ƙaƙa-ni-ka-yi kuma 'yan jarida sun cinye ta a kan tsadar mai da farashin masara.

Wata nas, Kaduna: Yaya don Allah ko me za ku zaɓa kar kalmar hauka ko taɓin hankali ta shiga sunan layin nan, in ta shiga wallahi ba mai kira. Ni a imajansi nake aiki. Za a kawo yarinya cikin dare an samu an ceto ta, uwar na riƙe da mayafinta tana kuka, kawun kuma ya ja ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa wai Sista a rubuta tsautsayi ne, kuskure ne. Da safe likita ya ce a kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa sai ka ga fuskoki sun canza, a ce 'yarmu ba mahaukaciya ba ce, aure za ta yi bayan salla, su karɓi takardar su ninke ta huɗu su jefa a jaka shikenan, mun san ba za su je ba. Kuma asibitocin suna nan, na Barnawa a nan Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri, amma mun mayar da sunayensu abun zagi, yara na faɗa sai ka ji an ce a kai ka Dawanau. Kuma yawancin waɗanda nake gani ba sa jifa ba sa tsince-tsince a bola, bashi ne ya yi musu katutu, ko auren dole, ko mai jego da damuwa ta danne bayan haihuwa kowa na cewa aljanu ne, ko saurayin da ƙwaya ta ci. Kalmar da su da kansu suke faɗa min ita ce ƙunci. "Sista ƙunci nake ji", "ƙirjina ya cushe". Ku ɗauki tasu mana.

Malamin Hausa mai ritaya: 'Yata kin fi ni gaskiya. Ƙunci kishiyar yalwa ne, wuri ne da ya matse har ba wajen juyawa, kuma babu zagi a cikinsa. Sai dai a ƙara masa nauyi, don wanda aka hana bashi ma yana cikin ƙunci. A ce tsananin ƙunci.

Wani lauya: Malam mai zare, ku yi ta gyara kalma amma ku sani ko gobe aka buɗe irin layin nan a Najeriya akwai doka a gabansa. Sashe na 231 na Penal Code, kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a Arewa, ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa za a iya ɗaure shi har shekara ɗaya ko tara ko duka biyun, sashe na 327 na Criminal Code na Kudu shi ma shekara ɗaya ne. Legas ce ta gyara nata, kotu asibiti take tura mutum. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023 ta kori tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi, amma ba ta goge waɗancan sassan ba. Kawun da Sista ta ce yana roƙo a rubuta tsautsayi, kunya ce rabi, rabi kuma tsoron caji ofis ne, kuma ba za ka ce masa bai da hujja ba. Wa zai kira lamba ya faɗi abun da doka ta kira laifi? Saboda haka kisan kai kam a binne ta, don da ka faɗe ta ka riga ka gayyato ɗan sanda.

Ɗan zango, Kumasi: Barista mu nan Gana majalisa ta cire shi daga laifi a Maris 2023, yanzu mara lafiya ake ɗaukar mutum. Amma a zango har yau ba a faɗa, sai dai a ce "ya yi abun nan".

Wani ustaz: Ni shawarata a ce halaka kai, don ba za ta rikice da kisan kai ba, kuma mutane su san abun ba wasa ba ne. Haramun ne babu saɓani, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana.

Wata nas, Kaduna: Allah ya gafarta Malam, haramcin ba wanda ya musa, su kansu sun sani, shi ya sa ma suke ɓoyewa har sai abun ya faru. Amma halaka hukunci ce, kamar an riga an rufe littafinsa, mu kuma mai rai muke so ya ɗaga waya.

Wani ustaz: Hakane Hajiya, na karɓa. Ayar ma da rahama ta ƙare, cewa Allah Mai jinƙai ne a gare ku, kuma a Ma'ida aka ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, to mai ɗaukar wayar nan aikin lada yake. Ku bar kashe kai ɗin amma a riƙa faɗin na wa.

Mai zare: Wannan ta ƙarshen ita ce maganin, Malam. Kashe kai da kisan kai sun yi kusa da yawa, mai karanta labarai in yana sauri zai haɗe su, amma da ka ce "masu tunanin kashe kansu" ko "ta yi yunƙurin kashe kanta" ba sauran ruɗani. Ya fi tsawo, eh, amma Hausa dama ba ta cika son dunƙule aiki ya koma suna ba. To mun samu biyu: halin shi ne tsananin ƙunci, aikin kuma a faɗe shi da kansa ko kanta ko kansu.

Saura layin. An turo min layin agaji, layin ceto, layin gaggawa. Agaji zai sa mutane su kira suna tambayar shinkafa da tallafi, kuma ba wasa nake ba, duk wanda ya taɓa zama kusa da rabon kaya ya san haka za a yi, ga 'yan agaji masu kaki da muke gani a masallacin idi. Gaggawa ta riga ta zama ta lambar kiran gaggawa 112 da gobara da hatsarin mota. Ceto kuma ya yi nauyi, kunne na jin sa sai ya tafi lahira ko wa'azi. Ni dai ɗauki nake so, layin ɗauki. A kawo ɗauki shi ne ihun da ake yi in abu ya fi ƙarfin mutum shi kaɗai, kuma wanda aka kai wa ɗauki ba a tambayarsa laifinsa kafin a je, ba a kuma ce masa mahaukaci, maƙwabci ne abu ya same shi. Sannan su waɗanda ke fita a mota su je gidan mutum, nas da ma'aikacin walwala ba tare da bindiga ba, sun samu suna a kyauta, 'yan ɗauki.

Ɗan zango, Kumasi: Kuma "layin ɗauki" na da wata ma'ana ta biyu, wato in ya yi ƙara a ɗauka, kar a bar mutum da waƙar jira 😄

Wani lauya: Wannan ma sai an sa a doka ɗan'uwa, da albashin masu ɗaukar. A yanzu dai masu wannan aikin a nan ƙungiyoyi ne irin SURPIN da ta fara a asibitin koyarwa na Legas a 2017, sai kuma sashen ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, duk wanda ke karanta zaren nan yana cikin hali ko ya san wani, ya nufi can yau, kar ya jira majalisa.

Mai zare: Ƙafa ta ukun ce ta gagare mu, wurin da ake kai mutum ya kwana ɗaya ko biyu. Gidan komai aka ce sai ya tuno wa mutane gidan mari ko gidan yari. Baba ya turo masaukin natsuwa, ni na so zangon natsuwa don zango wuri ne da ake yada shi a tashi, amma na san mutanen Kumasi za su ce mun kwashe musu unguwa, a bar shi a buɗe tukun. Ga jimlar gwaji, ku karanta ta da ƙarfi kamar kuna labaran ƙarfe bakwai: "Majalisar jihar ta amince da dokar faɗaɗa layin ɗauki da ƙara yawan 'yan ɗauki domin mutanen da ke cikin tsananin ƙunci da masu tunanin kashe kansu." Mutanen Sakkwato da Damagaram da Maradi ku faɗa mana in ɗauki na nufin wani abu daban a bakinku kafin mu kai wa 'yan rediyo.