Ambulan goron Sallah da katin gaisuwa na hannu: waɗanda suka taɓa yi su ba mu labari

Uwar Biyu, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki, domin ba na son in zuba kuɗi a kan kayan da za su ƙare a ƙarƙashin gado. A Sallar bara wata ƙanwar maigidana ta aiko wa yara goron Sallah a cikin ambulan da ta haɗa da hannunta, an buga jinjirin wata da tawada mai ruwan zinariya a fuskarsa, bakin murfin kuma an huda shi ya fito kamar leshi. Kuɗin da ke ciki tun kafin Hawan Daushe suka ƙare a alewa da balan-balan, amma ambulan ɗin har yau yana cikin littafin 'yata. Da na tambaye ta sai ta ce abu biyu ne sirrin: hatimin roba da ake dangwalawa a tawada a buga, da wani ƙaramin inji da ake murzawa ya yanke takarda daidai da siffar ƙarfen da aka ɗora mata. Ina so in yi ambulan 60 kafin Ƙaramar Sallah mai zuwa. Wanda ya gwada a nan gida, da zafinmu da ƙurarmu, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani, abin da ya kamata a fara saya, da abin da za a iya haƙura da shi.

Bakanuwa a Ingila:

Wa alaikumus salam, Yaya. Shekarata shida ina wannan aiki, kuma wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta koya mini, wadda tun watan Satumba take baje kayanta a teburin cin abinci tana haɗa katunan Kirsimeti. A nan al'adar ta daɗe, domin tun 1843 wani mutum mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa katin Kirsimeti guda 1,000 a Landan, kuma daga nan ake lissafin farkon katin Kirsimeti na sayarwa. Kayan aikin na yanzu da dama daga cikinsu na kamfanonin Amurka ne. Kamfanin Stampin' Up!, alal misali, wasu mata biyu 'yan gida ɗaya ne suka kafa shi a 1988, kuma mazauninsa yana jihar Utah. Na kawo wannan ne don ki san tun da wuri cewa da bikinsu da yanayinsu aka ƙera kayan: idan kika duba abin da ke kasuwa, dusar ƙanƙara za ki gani da barewa da bishiyar Kirsimeti. Na Idi suna nan jefi-jefi, amma masallacin da za ki samu mai ƙubba irin ta Turkiyya ne, fitilar kuma irin wadda Misirawa ke ratayewa da azumi ce. Ban taɓa cin karo da ƙarfen da ke yanka dagi ko zankon soro ba.

Injina shi ne Big Shot na kamfanin Sizzix, kuma ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Wasu ƙarafa biyu ne masu juyawa a cikinsa, kamar na injin taliyar murji. Ana ɗora faranti na roba mai tauri, a sa ƙarfen yanka da takarda a kai, a rufe da faranti na biyu, sannan a tura a murza hannun. Ranar farko da na ji ƙarar "ƙas" na tsaya cak, na ɗauka na fasa injin, ashe bakin ƙarfen ne ya ratsa takardar ya taɓa farantin, kuma haka ake so. Farantan suna lanƙwasawa da amfani, shi ya sa ake juya su kowane lokaci. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne faɗin bakin injin bai wuce santimita 15 da ɗan wani abu ba, saboda haka takardar A4 ba ta shiga a cike sai a babban samfurinsa. Ni dai jikin ambulan da almakashi nake yanke shi, injin kuwa na ado ne kawai: wata, taurari, da leshin bakin murfi.

Malamar Firamare, Zariya:

Ni ta wajen hatimi na sha wuya, don haka a nan zan tsaya. An kawo mini tsarabar hatimai irin masu haske kamar gilashi, waɗanda ake manna wa wani ɗan allo na roba kafin a buga. Na bar su a kan taga cikin bazara na kwana kaɗan, da na dawo kansu sun yi rawaya sun yi danƙo, ƙura ta lulluɓe su, siraran layukan zanen kuma ba su ƙara fita da kyau ba. Na jan roba da ke manne da katako, waɗanda suka zo tare da su, ba abin da ya same su.

Daga nan ne wata abokiyar aikina ta ce mini, ga ƙoshi ga kwanan yunwa, ai masu sassaƙa hatimi suna nan birjik a garin nan. Na je wajen wani dattijo da ke zaune a kan benci kusa da masu buga takardun kotu, wanda aikinsa hatimin shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi ne. Da na miƙa masa zanen dagi da na rago sai da ya yi dariya, ya ce shekarunsa a sana'ar ba wanda ya taɓa kawo masa rago. A gabana ya yi aikin da guntun reza da ya ɗaure a tsinke, yana juya robar a yatsunsa wuƙar tana wuri ɗaya, kuma ƙahon ragon ya fito da murɗinsa. Hatimai uku ya yi mini, kuma wannan ce Sallah ta huɗu da nake amfani da su.

Akwai kuskuren da na yi da kaina wanda ba na so kowa ya maimaita. Na ɗauki magogin fensir na sassaƙa "Barka da Sallah" yadda ake karanta shi, da na buga sai rubutun ya fito a juye kamar an duba a madubi, 'yan ajina suka yi ta dariya. Dabarar ita ce a rubuta a takarda da fensir mai laushi, a kife takardar a kan robar, a goga bayanta da farce. Rubutun zai koma kan robar a juye, sai a bi shi da wuƙa. Haka nan jerin haruffan da ake sayowa daga waje ba su da ƙ da ɗ da ɓ. "Barka da Sallah" ya tsira domin babu mai lanƙwasa a cikinsa, amma duk wadda take son ta buga "Ƙaramar Sallah" ko ta sa sunan "ɗana" sai dai a sassaƙa mata.

Ɗan Jos:

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Mu namu na Kirsimeti ne, muna haɗa wa yaran makarantar Lahadi, kuma kullum cikin tsakiyar hunturu aikin yake faɗowa, don haka abin da na sani na bushewar iska ne. Soson tawada idan aka bar shi a buɗe ana hira, kafin a ankara ya bushe, shi ya sa muke rufe shi bayan kowane bugu, mu ajiye shi a kife cikin leda. Kwali mai kauri kuma idan aka naɗe shi kai tsaye a wannan lokaci, bayan naɗin yana tsagewa farin ciki ya bayyana. Maganinsa a fara jan layi da biron da tawadarsa ta ƙare, a bi rula, kafin a naɗe.

Ruwan zinariyar nan da Hajiya ta gani a ambulan ɗin, mai yiwuwa ba tawada ba ce zalla. Wani gari ne ake barbaɗawa a kan tawada mai jinkirin bushewa, a kakkaɓe ragowar, a hura masa zafi ya narke ya taso yana ƙyalli. A hunturu garin yana mannewa ko'ina a jikin katin, har inda babu tawada, sai katin ya fito kamar mai ƙyanda. Wata mama a cocinmu ce ta ce mu riƙa shafa hodar jarirai kaɗan kafin bugu, kuma hakan ya yi aiki. Da yake ba mu da na'urar hura zafin, a saman dutsen guga muke riƙe katin, zafin yana dukansa ta ƙasa. Mun ƙona guda bakwai kafin hannunmu ya gane tazarar.

Amarya, Kaduna:

Ni injin yanka na lantarki na saya, wanda ake zana masa a waya ko kwamfuta ya yanka da kansa, kuma gaskiya yana yanka dagi tsaf tun da ba ƙarfe yake bi ba. Sai dai yana son intanet yana son wuta, tabarmarsa mai danƙo da ake manna takarda a kai kuma ƙura tana kashe ta da wuri. Daren jajibirin Babbar Sallah wuta ta ɗauke yana tsakiyar yanka, na ƙarasa ambulan 25 da almakashi da hasken waya. Ban ce kada a saya ba, amma wadda ba ta da sola ta yi tunani.

Baba Mai Ritaya, Katsina:

'Ya'yana, na ji daɗin wannan zance, domin a zamaninmu na makarantar kwana katin Sallah ta gidan waya yake zuwa, kuma wanda aka kira sunansa ya karɓa ranar nan ba ya taka ƙasa. Na yi aiki a ɗab'i shekaru masu yawa, don haka bari in ba ku awo. Takardun naira 100 zuwa 1,000 tsawonsu milimita 151 ne, faɗinsu 78. Na leda, wato naira 5 zuwa 50, sun fi ƙanƙanta. Ambulan mai santimita 16.5 da 8.5 yana ɗaukar kowacce ba tare da an naɗe ta ba, kuma sabon kuɗin Sallah ai ba a so a naɗe shi. Idan aka buɗe irin wannan ambulan, da kunnuwansa na gefe, faɗinsa ya kai santimita 19.5, wato yana fita daga A4 guda ɗaya, ya bar ragowar da ta isa a yanke wata da taurari, amma ba zai shiga ƙaramin injin da 'yata ta Ingila ta ambata ba. A yanke samfuri ɗaya a kwali mai tauri, a riƙa ɗora shi ana zagayewa da fensir. Takardar ofis ta giram 80 (da giram ake auna kaurin takarda) ta yi rauni, ana hango kuɗin ta cikinta. Giram 120 ta fi dacewa da ambulan, kati kuwa 250 zuwa 300. Wanda yake son ɗaruruwa don sayarwa, ya je wajen masu ɗab'i su ƙera masa wuƙar yanka a jikin katako, irin wadda ake yanka kwalin magani da ita, su buga masa gaba ɗaya.

Game da gam, ƙaron da almajirai ke sa wa tawadar allo shi ne dai ake shafa wa bakin ambulan tun da can. A jiƙa shi ya narke, a tace, a shafa siriri a bar shi ya bushe. Ranar da za a rufe sai a taɓa da ɗan ruwa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Na taɓa zuwa gidan ɗana ranar Sallah da yamma, na tarar da yagaggun ambulan a tsakar gida ana takawa, kuma a jikin kowanne an buga addu'ar Idi da sunan Allah a ciki. Na duƙa na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Yaro ɗan shekara biyar kuɗin yake nema, ba zai tsaya karatu ba. Shawarata ita ce ambulan yara a tsaya a "Barka da Sallah" da zane, addu'a da aya kuma a bar wa katin manya da za su adana.

'Yar Zango, Kumasi:

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan magana ta ƙarshe ta shige ni, domin na yi irin wannan kuskure bara. Abin da zan ƙara ɗan kaɗan ne. Kusa da mu akwai garin Ntonso, inda 'yan ƙabilar Asante ke buga zanen adinkra a jikin yadi da hatimin da suke sassaƙawa daga ƙwarya mai kauri. Na sayo biyu na gwada a takarda. Da yake bayan ƙwarya a lanƙwashe yake, ba a danna shi tsaye, sai an ɗan gangara shi daga gefe zuwa gefe, kuma yana so a shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin takardar. Zanen ba ya fita sumul kamar na roba, amma ni wannan ɗan ɗigo-ɗigon ne ya burge ni. Ina tunanin masu gyaran ƙwarya na can gida za su iya sassaƙa dagi a haka idan aka nuna musu.

Uwar Biyu, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dakatar da maganar inji tukuna. Ranar Asabar na bi shawarar Malama na sami mai sassaƙa hatimi, ya yi mini dagi da jinjirin wata da "Barka da Sallah", na kuma yanke samfurin kwali da awon Baba, naira 500 ta shige ta zauna daidai. Na yi guda 12 na gwaji. Huɗun farko da shuɗiyar tawadar ofis na buga su, suka fito kamar rasit ɗin kuɗin makaranta, har maigidan ya tambaya ko kuɗin zango ne aka ƙara. Sauran takwas da jar tawada a kan takarda ruwan ƙasa sun yi kyau, sai dai tsakiyar dagin ba ta kama sosai, gefe ne kawai yake fita. Malama, ko kin taɓa ganin haka, kuma tsumman da 'yar'uwarmu ta Kumasi ta ce a shimfiɗa zai yi maganinsa, ko in mayar wa mai sassaƙar ya daidaita fuskar robar?