Gonar gado: ina rabon ɗiya mace?

Tambaya: Jama'a, a ƙauyukan Maradi uba ya rasu, maza sun raba gona, an ce mata su haƙura. Mece ce mafita?

Amsa ta 1: 'Yar'uwa, a shari'a ɗiya na da rabin rabon ɗa. Matar mamaci tumuni (ɗaya cikin takwas) in akwai 'ya'ya, rubu'i (ɗaya cikin huɗu) in babu. A auna gonar gaban malami da shaidu, a kafa iyaka.

Amsa ta 2: Gaskiya ne, Malam, amma baki kaɗai ba ya riƙe gona. Ɗiyar ta je wurin maigari, shi ke shugabantar hukumar filaye ta ƙauye, a rubuta takarda da sunanta. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ba ta ware mace ba.

Amsa ta 3: Kada ta dogara da gamanar miji, wato 'yar gonar da miji ke ba matarsa ta noma, aro ce. Ranar saki, gona ta tafi.