Dan Allah ta yaya zan gyara jerin kalmomi a jimlar Turanci?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin zana WAEC ne bana kuma Turanci ne matsalata, kalmomi ina da su ba laifi don kullum ina haddacewa, amma da na zo haɗa jimla sai komai ya cakuɗe, malamin lesin ɗinmu ya ce Hausa nake rubutawa da kalmomin Turanci. Ga shi ABU nake son shiga, in ba kiredit a Ingilishi kuwa ba magana. Wace hanya kuka bi kuka gyara? Wallahi abin ya dame ni.

Malamar Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Ginshiƙin jimla iri ɗaya ne a harsunan biyu, mai aiki, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. Binta ta sayi littafi, Binta bought a book, ka ga ba abin da ya juya. Wuraren tuntuɓen 'yan kaɗan ne kuma kusan duk ɗalibaina nan suke faɗuwa.

A Hausa dole ka ce Audu ya tafi, ba a cewa Audu tafi, to sai yaro ya kwaso wannan "ya" ɗin ya rubuta Audu he went, alhali Audu went kawai ake so. Haka yaron da na gan shi jiya, sai ka ga an rubuta the boy that I saw him yesterday, wannan him ɗin ba shi da wuri, cire shi. Sannan mu muna cewa awaki uku, gidan Musa, su kuma three goats, Musa's house. Mu farar mota da mota fara duk daidai ne, su white car kaɗai, in sifa biyu ce girma ke riga launi, big white car.

Amma wanda ya fi cin mutane shi ne tambaya. Mu a Hausa, ka ci abinci da ka ci abinci? murya ce kawai ta bambanta su, su kuwa sai an juya ko an jawo do, Have you eaten? Where does he live? Sai kuma in tambayar ta shiga cikin wata jimla ta koma yadda take, I don't know where he lives, ba where does he live ba. Wannan har 'yan aji huɗu a jami'a ina gani suna yin sa.

Na Samaru:
Gaskiya Malama ta gama magana. Ni abin da ya taimake ni kafin JAMB, inda Ingilishi kaɗai tambaya 60 ne cikin 180, shi ne tsohuwar jarida. Ka samu Daily Trust ko wacce mai ƙosai ta naɗe maka ce, ka kwafi jimla ɗaya a takarda, ka yayyanka ta kalma kalma da reza, ka barbaza a tabarma ka sake jerawa ba tare da ka leƙa ba. In ta fito daidai sai ka maida ita tambaya, ka maida ita korewa. Biyar a rana ta isa, amma fa kullum.

'Yar Sabon Gari:
Ni dai zan ƙara da cewa ka yi hattara da Turancin da kake ji a tasha da kasuwa, buroka ce, harshe ne mai tsarin kansa kuma yana da amfani amma where you dey go ba zai ba ka maki ba. Ka riƙa karanta jimlolinka da ƙarfi, kunne yana kama abin da ido ya tsallake, kuma ka samu aboki ku riƙa duba wa juna, kunyar magana ce ke kashe mu a nan ba rashin ƙwaƙwalwa ba.

Ɗan Tudun Jukun:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Malama saura ɗaya dan Allah, always ina ake sa ta? Kuma wuri da lokaci wanne ke fara zuwa?

Malamar Kongo:
Kafin aiki, I always pray at home, amma bayan am, is, are, He is always late. Wuri kuma yawanci shi ke riga lokaci, I went to Kofar Doka yesterday. Rubuto guda biyar naka a nan anjima in duba maka.