Wasan ranar rabon kyaututtuka: in sa 'yan mata ko maza su ɗaura zane?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum malamai. Hausa nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, maza da mata haɗe. Shugaban makaranta ya ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na minti 20 don ranar rabon kyaututtuka, saura mako shida, kuma naira dubu 40 ya ba ni. Ni na rubuta wasan, a kan yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata talla. Akwai uwa, akwai kishiyar uwa, akwai yarinyar. 'Yan mata uku na SS2 sun roƙe ni in sa su, kuma wallahi sun iya. In bar su su hau, ko in sa maza su ɗaura zane? Sannan kuɗin nan, lasifika zan ɗauko haya ko kayan sawa zan nema?

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam. Me ya kai ka rubuta sabo? Ɗauko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ka yanki fitowa biyu, ka huta.

Sabon Hannu: Malam, na riga na rubuta, yara har sun fara hadda.

Uwar Ɗalibai: Ƙanena, nemi takardar amincewar iyaye, da sa hannun uba, ba uwa kaɗai ba. Lasifika kuwa bara dubu 15 muka biya, da makirfo biyu.

Abu Hanifa: Dubu 15 a ina, Hajiya? Watan jiya dubu 35 aka ce mana, ban da man janareta.

Uwar Ɗalibai: Mai kayan tsohon ɗalibinmu ne.

Abu Hanifa: To ai wannan alfarma ce, ba farashi ba.

Tsohon Darakta: Ɗana, saurare ni. Shekara tara na riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma takardar iyayen da ake faɗa ina da ita a hannu ranar da abin ya same ni. Yarinya ce mai ƙwazo, ita ke zuwa ta ɗaya a aji. Na ba ta matsayin dillaliya mai shiga gidaje tana haɗa gulma. Ta yi wasan har iyaye mata suna guɗa. Ashe wani yaro yana ɗauka da waya. Ya yanke minti ɗaya, daidai inda take murguɗa baki tana zagin miji, ya watsa a WhatsApp. Kafin sati, unguwa kowa Dillaliya yake kiranta. Baffanta ya zo har ofis ya ce na mayar musu da 'ya 'yar fim. Uban da ya sa hannu ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Aka cire ta saura zango ɗaya ta rubuta WAEC. Shugaban da ya tafa mini ranar wasan shi ya rubuta mini takardar tuhuma, daga baya aka mayar da ni wata makaranta mai nisan gaske. Canjin wurin bai dame ni ba kamar yarinyar. Na gamu da ita a kasuwa da goyo, ta durƙusa ta gaishe ni, na kasa haɗa ido da ita.

Uwar Ɗalibai: Innalillahi. Allah Ya saka mata. Amma Baba, laifin mai waya ne da baffan, ba na wasan ba. Ni a makarantar mata zalla nake, yarana su ke fitowa a sarki, su ke fitowa a alƙali da rawani. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta amsa tambaya, bayan zango ɗaya a ƙungiyar sai ka ji muryarta har ƙarshen fili.

Tsohon Darakta: Makarantar mata daban, Hajiya. Ba a gaban samari suke yi ba.

Ɗan Tashe: Ni dai a JSS3 aka ɗaura mini zane na fito a amarya. Shekara 20 ke nan, har yau abokaina Amarya suke kirana, a gaban matata ma. Kada a ce maza ba sa shan wahala.

Malam Na Zariya: Kuna ta magana ba wanda ya karanci fannin. Mu da muka yi a Jami'ar Ahmadu Bello, a dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda aka gina da laka, muka koyi jefa murya ba makirfo. Koya wa yara numfashi daga ciki, ka hana su juya wa 'yan kallo baya, ka tsayar da su a rabin da'ira. Kuɗin lasifika ya tafi ga kaya. Kuma masu ganin abin baƙo ne su tuna Malam Aminu Kano ya yi wasan kwaikwayo da ɗalibansa tun yana koyarwa a Midil ta Bauci.

Abu Hanifa: Ranka ya daɗe, dandalin jami'a yana da bango. Mu fili ne, ɗalibai sama da dubu, ga masu rake a bakin ƙofa. Digiri ba ya kai murya layin baya.

Malam Na Zariya: Wanda bai taɓa tsayar da yaro a dandali ba ya bar masu yi su yi magana.

Abu Hanifa: Wasanni huɗu na shirya, Malam.

Uwar Ɗalibai: Ni abin da ke ci mini rai, duk wannan aikin bayan an tashi ake yinsa. Sai biyar na yamma nake barin makaranta, kuɗin mota daga aljihuna, zannuwan wasa daga akwatina. Malamin wasanni ana ware masa kuɗin gasar gidaje kowace shekara, mu ko ruwan leda.

Abu Hanifa: Kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ko littafin wasan da ke cikin manhajar NECO, kwafi uku gare mu na yara 90. A allo nake kwafe musu fitowa-fitowa.

Tsohon Darakta: Ku a ba ku dubu 40 ma. Ni rasit aka nema a kan gemun auduga.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai, iyayena. Baba, labarinka ya hana ni barci. Gobe zan je gidan yarinyar da za ta fito a 'yar talla in ga mahaifinta da kaina. Kishiyar ce har yanzu ban san wa zan ba ba. Hajiya, ko za ki turo mini irin takardar da kike ba iyaye?