Neman sassaucin FAA don tashi da jirgi maras matuƙi a saman mutane: ta ina ake farawa?

Hoton_Sama ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo da jirgi maras matuƙi a Amurka, kuma ina da lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, take bayarwa a ƙarƙashin Sashe na 107, wato dokokinta na ƙananan jirage marasa matuƙi. An ba ni aikin ɗaukar wani taro da za a yi a fili nan da wata huɗu, kuma masu taron suna son a ɗauko jama'ar daga sama. Nauyin jirgina ya kai kusan giram 900. Abin da na sani shi ne, doka ta 107.39 ta hana a bi ta kan mutanen da ba su da hannu a aikin tashin, amma ana iya neman sassauci daga hukumar. Ina roƙon waɗanda suka san hanyar su bayyana mini abin da ake rubutawa a takardar neman har a amince, da kuma ko wata huɗu zai isa. Sannan idan masu taron suka sanar da mahalarta, kowa kuma ya yarda, ashe ba za a ɗauke su a matsayin masu hannu a aikin ba?

Dattijon_Matuƙa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. A wurin FAA, masu hannu a aikin su ne matuƙin da ke da alhakin tashin, da wanda ke riƙe da na'urar sarrafa jirgin, da mai sa ido, da duk wanda lafiyar tashin ta rataya a kansa. Mahalarta taro ba sa cikin wannan sahu ko da kowannensu ya sa hannu a takardar yarda.

Kafin ka nemi sassauci kuma, ya kamata ka duba ko kana bukatarsa. Sashe na 107 ya fara aiki a watan Agusta na 2016, kuma a lokacin sassauci ne kaɗai hanyar bi ta kan jama'a. Daga 21 ga Afrilu 2021 aka buɗe rukunai huɗu da ake iya tashi a cikinsu ba tare da neman komai ba. Rukuni na ɗaya na jiragen da nauyinsu bai wuce giram 250 ba ne, haɗe da duk abin da aka ɗora musu, kuma ba su da farfela a buɗe da za ta iya yanka fata. Rukuni na biyu da na uku sun dogara ga irin raunin da jirgin zai yi wa mutum idan ya faɗo masa: na biyu kada ya wuce raunin da abu mai tauri zai yi da ƙarfin bugu na kimanin jul 15 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne), na uku kuma kimanin jul 34, kuma sai hukumar ta karɓi shaidar cika ƙa'ida ta wannan samfurin, an manna masa alama. Na huɗu na jiragen da ke da takardar shaidar cancantar tashi ne. Rukuni na uku ba ya bi ta kan taron jama'a a fili ko kaɗan, sauran ukun kuma ba sa daɗewa a kan taro sai suna watsa bayanan Remote ID, wato lambar shaidar jirgin da wurin da yake. Jirginka ya fi ƙarfin rukuni na ɗaya, saboda haka idan samfurinsa ba ya cikin jerin da FAA ta amince da su a rukuni na biyu, sassaucin ne ya rage maka.

Hajiya_Injiniya ta amsa:

Dattijo ya yi bayanin rukunan yadda ya kamata, ni zan tsaya a kan takardar kanta. Ana shigar da ita a shafin FAA na intanet, ba a biyan kuɗi, kuma hukumar tana cewa a nema aƙalla kwana 90 kafin ranar aikin. Wata huɗu zai isa idan ka shigar da ita a wannan makon, ta kuma fita da kyau tun karon farko. Idan suka nemi ƙarin bayani, ka amsa da wuri, domin jinkirin da ya wuce kwana 30 yana sa a soke neman.

Doka ta 107.200 ta ce ana ba da sassauci ne idan hukumar ta gamsu cewa za a iya yin aikin lafiya a ƙarƙashin sharuɗɗan da za ta gindaya. Wannan yana nufin mai duba takardarka bai damu da cewa ka ƙware ba, ko cewa jirginka bai taɓa faɗuwa ba. Yana ɗauka ne cewa jirgin zai faɗo, yana kuma son ya ga abin da zai sami wanda ke ƙasa a ranar. Yawancin takardun da ake mayarwa suna cike da alkawarin yin taka-tsantsan, babu lissafi, babu shaidar gwaji.

Ka yi lissafin da kanka ka gani. Abu mai nauyin giram 900 da ya faɗo daga tsayin da bai kai mita biyu ba ya riga ya tara ƙarfin da ya kai jul 15, balle daga mita 30. Gaskiya ne jirgi ba ƙarfe dunƙulalle ba ne, yana lanƙwasa yana karyewa, don haka ba duk ƙarfin ne ke shiga jikin mutum ba, amma wannan hujja sai da sakamakon gwaji ake karɓarta. Abin da ya sa ke nan masu jirage irin naka suke ɗora musu laimar sauka da aka gwada bisa ma'aunin gwajin irin waɗannan laimomi mai suna ASTM F3322, wadda ke buɗewa da kanta ta kuma kashe farfela idan jirgin ya fara faɗowa, sannan su haɗa rahoton gwajin da takardarsu. Ka lura cewa laima tana da mafi ƙarancin tsayin da take bukata kafin ta buɗe sosai, kuma iska tana ɗaukarta gefe, saboda haka dole ka faɗi tsayin da ba za ka sauko ƙasa da shi ba a kan jama'a, da ƙarfin iskar da za ka fasa tashi idan an kai shi.

Ko sassaucin da aka ba gidan talabijin na CNN a 2017, wanda ya yi suna a lokacin, ya ginu ne a kan jirgin kansa: ƙaramin jirgi mai suna Snap, mai nauyin kimanin giram 620, farfelunsa a rufe, an ƙera shi yadda zai wargaje idan ya bugi abu, kuma an ƙayyade masa tsayin ƙafa 150.

Sauran abin da za ka rubuta shi ne kowace matsala da maganinta, ɗaya bayan ɗaya: idan sadarwa ta yanke tsakaninka da jirgin, ina zai nufa kuma ta kan wa zai bi, idan batir ya yi ƙasa ko GPS ya ɓace, me za ka yi, ina za ka tashi ka sauka nesa da mutane, wane ne mai sa ido kuma yaya za ku riƙa magana. FAA tana da jerin tambayoyin jagora ga kowace dokar da ake neman sassaucinta, ka bi na 107.39 tambaya bayan tambaya.

Mai_Dogon_Gilashi ya amsa:

Ban musa ko ɗaya daga abin da Hajiya ta faɗa ba, amma a ganina, saboda aiki guda ɗaya, wahalar ta fi ribar yawa. Dokar ta hana jirgin kasancewa a saman mutum ne, ba ta hana kyamara kallon mutane ba. Idan ka tsaya a gefen filin, a kan wurin da aka killace babu kowa, ka hau tsayin da ya dace a cikin iyakar ƙafa 400, ka jawo hoton da gilashin kyamara, za ka sami taron gaba ɗaya, kuma mai kallo ba zai gane cewa ba a tsakiyar kansu kake ba. Sai dai ka bar tazara mai yawa, domin doka ta 107.23 ta hana tuƙin ganganci da ke jefa rai ko dukiya cikin haɗari, kuma jirgin da ya lalace a cikin iska ba ya faɗowa a miƙe.

Akwai kuma abin da sassaucin 107.39 ba ya ɗauke maka. Idan filin yana cikin sararin da ake sarrafawa kusa da filin jirgin sama, sai ka nemi izini daban, galibi ta LAANC, tsarin neman wannan izini ta intanet. Idan kuma yana cikin mil 3 na ma'aunin teku daga filin wasa mai kujeru 30,000 ko fiye, an hana tashi daga awa ɗaya kafin manyan wasanni irin na NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, zuwa awa ɗaya bayan an gama wasan.

Hoton_Sama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan shirya ɗaukar daga gefe don wannan taron, in kuma shigar da takardar saboda ayyukan gaba. Hajiya, idan an ba ni sassaucin, zan iya amfani da shi da wani jirgin dabam idan na sauya?

Hajiya_Injiniya ta amsa:

Amin, Malam. Sassaucin yana zuwa da sharuɗɗansa a rubuce, kuma waɗannan sharuɗɗan suna da ƙarfin doka a kanka. Tunda hujjarka ta ginu a kan nauyin wannan jirgin da laimarsa da kariyar farfelarsa, idan ka sauya samfuri sai ka nemi a gyara takardar ko ka shigar da sabuwa. Ka riƙa tafiya da kwafinta duk inda za ka tashi, ka kuma tuna cewa idan hatsari ya jawo mummunan rauni, ko suma, ko ɓarnar dukiyar wani da ta wuce dala 500, doka ta 107.9 ta ba ka kwana 10 ka kai rahoto ga FAA.